Anti Binta ta sa an hana ni zuwa kallon wasa

Withington, Manchester

Zuwa ga Goggo Hajara,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da fatan kina lafiya. Ya ƙafar taki? Ya Kawu da yara? Nan kowa lafiya, sai dai raina a ɓace yake.

Kin san yadda nake son gidan wasan kwaikwayo. A can kaɗai nake sakewa, don in an kashe fitilu ba mai kallona. Malamarmu ta ba ni tikitin opera, wasan da komai da waƙa ake faɗa. Baba ya ce sai da babba, shi ne Anti Binta da ta zo daga Birmingham ta raka ni.

Goggo, ta ɗauka falonta ne! Gyaɗa ta yi ta ɓarewa. Da matar wasan ta kwanta tana waƙar bankwana, wuri ya yi tsit, ina ta hawaye, sai Anti ta ɗaga murya: "Baiwar Allah, in za ki mutu ki mutu mana, mu tafi gida!" Kowa ya waigo. Wata ma'aikaciya ta haska mu da tocila, ta fitar da mu.

A gida kuma Anti ta ce wa Baba ba komai a wurin sai ihu da rungume-rungume. Yanzu ya hana ni zuwa, har wanda makaranta za ta kai mu.

Don Allah ki kira shi, ba ya tsallake maganarki. Ki sa ni a addu'a, ki gaishe da su Ummi. Anti ma ta ce in gaishe ki. Na isar, amma saboda ita har yau ban san ko matar nan ta mutu ba.

'Yarki,
Zainab