Ragon Kawu Labbo

Abban Mufida,

Ka yi haƙuri, na fita ba ka dawo ba.

Bayan ka tafi Birnin Kebbi kai takardunka na neman aiki, Kawu Labbo ya zo daga Mungadi da rago. Wai ya ji ka zama lauyan gwamnati mai gabatar da ƙara, kuma shari'ar ɗansa Tamu, ta faɗan gonar albasa, hannunka za ta faɗo. Ya ce, "Ɗiyata, ki ce mishi ya dubi zumunci."

Na so in ce nema kake yi, ba a ba ka ba tukuna. Amma shi ya raine ni, ban taɓa ɗaga ido na dube shi ba. Kaina a ƙasa na ce to. Ya ɗaure ragon ya tafi.

Na san in aka ji ka karɓa, aikin ya kuɓuce tun ba a kira ka ba.

Na tafi Mungadi in gaya wa Kawu gaskiya. Ragon yana bayan ɗaki, kar maƙwabta su gani. In magariba ta yi ban dawo ba, to bakina ya ƙi buɗuwa. Ka taho da ragon, ka mayar mishi.

Zinatu