Igiyar Matakin Nomau

Zinder, 4 ga Maris 1958

Zuwa ga Inna Kulu, gaisuwa mai yawa da ladabi.

Bayan haka, lokotoro, likitan nan Nasara, ya duba ƙafar Baba. Gaɓar babban yatsa ta cinye. Za a kankare ta a haɗe ƙasusuwan su zama ɗaya. Ko a ɗaure da kusa mai zare ta zauna ciki har abada, ko a soke wayoyi biyu a gicciye, a sa siminti, a zare bayan sati shida. Baba ya ce waya. Yatsan ba zai ƙara lanƙwasuwa ba. Za a ɗan ɗaga shi sama don sa takalmi. Ban gaya masa wannan ba, tsoro nake ji. Aikin ran Alhamis ne.

Ɗanki Abba, anfirme, ma'aikacin jinya.

Mirriya

Abba, muna lafiya, Allah ya yi maka albarka.

Takalmin wa? Shekara arba'in ubanka Nomau yana saƙa, ka manta da me yake riƙe igiyar mataki? Tsakanin yatsun nan biyu take maƙalewa. In aka ɗaga yatsan ta suɓule, an kashe masaƙa, shi ma an kashe shi da ransa. Boko ya cika maka kai har ka rufe wa ubanka magana! Ga igiyar da sakainarta na ba direba. Ka nuna wa Nasaran, ko in zo da kaina.

Uwarka.

Zinder, 7 ga Maris

Inna, ina gaisuwa.

Na gaya wa Baba. Ya juya wa bango fuska. Da na nuna wa lokotoro igiyar, ya daka mini tsawa, ya ce ba a koya masa aiki. Amma jiya da safe ya ce in dafa igiyar a tafasasshen ruwa. Bayan ya kankare, ya sa ta tsakanin yatsun, ya ce in ja. Sau uku tana suɓucewa, yana sauke yatsan. A na huɗu ta tsaya, sannan ya soka wayoyin. Ya ce ko ƙashin zai kama, bai yi alkawari ba. Har yanzu in na shigo, bango Baba yake juya wa fuska.

A yi mana addu'a. Abba.

Mirriya, farkon damina

Abba, gaisuwa.

Ga ƙwaryar saƙi nan cikin takarda, ƙyallen farko da Nomau ya saƙa tun bayan aikin. Taƙi biyun farko a karkace suke, kar ka duba su. Ubanka ya ce ka zo a auna kafaɗarka, riga zai saƙa maka.

Uwarka, Kulu.