Kibiyar Luka

Lahadi, 12 ga Janairu, 2025

Muna dawowa daga coci saƙo ya iso daga ƙauye. Dattawa sun sa ranar farautar bana, tsakiyar Maris. Suka ce in bana ma ba wanda ya tsaya a gurbin gidanmu, za su ba gidan Zakka. Zakka ɗan ƙanin ubana, wanda in zai saki kibiya sai ya runtse ido duka biyu!

Gurbin nan gindin ɗorawa ne a bakin kwazazzabo, ta nan gada ke ɓullowa in an koro daji. Kakana ya tsaya a wurin, ubana ya tsaya, ni ma na tsaya, har ɗana Luka ya je ya kwaso ni kamar buhun acca ya kawo ni gidansa na Gwallameji, cikin gari. Wai ba mai dafa mini tun da matata Mary ta rasu. Wai idona ya yi rauni.

Idona lafiya lau. Abubuwa ne suka ƙara nisa.

Litinin, 13 ga Janairu

Bakana na rataye a falo sama da talabijin. Baƙi su shigo su ce, "Kai, kayan tarihi!" Ga mai kayan a zaune, ba wanda ya tambaye shi.

Laraba, 15 ga Janairu

Luka ya dawo daga ofis ya tsaya a ƙofar ɗakina yana sosa ƙeya, mutum da furfura a gemu. Ya ce, "Baba, ni zan tsaya a gurbin."

Na yi dariya har ta koma tari. Yana yaro na sassaƙa masa ɗan baka da kunda, kibiya mai dunƙulen kai ta koyon yara, ya jingine su ya ɗauki biro. Yanzu ko sunan da na raɗa masa bai ishe shi ba, a ofis Luke ne. Ya ce in ara masa bakana, in zaɓa masa kibau. Na ce baka dai ya ɗauka, tun da ya zama kwalliyar bango. Kibau kuma ya tambayi wayarsa, ba ita ke gaya masa komai ba?

Ya ce, "To, Baba." Ya fita.

Mary, ke kika koya mini rubutun nan da littafin waƙoƙin coci, ke kika tura shi boko. Ga abin da kika shuka. Mutum bai san a roƙi uba sau biyu ba.

Asabar, 25 ga Janairu

Ya tambayi wayar kuwa. Yau aka kawo kibau a kwali tun daga Legas. Baƙaƙe, ba nauyi, da fikafikan roba a gindi kamar za su tashi da kansu. Kan kuma murɗa shi ake kamar murfin kwalba, da faɗi, da kaifi irin na reza. Tamu ba ta da fiffike. Kyauro ne daga fadama, da ƙarfen maƙera, da jijiya a ɗaure wuya, nauyin kai shi ke kai ta.

Na ɗauki ɗaya na nuna wa maƙwabcina Hammajoda ta kan katanga. Ya juya ta ya ce, da sunan da Fulani ke kiran wanda ba nasu ba, "Kaɗo, wannan ko kai ka harba za ta samu wani abu." Bafillacen da bai san komai ba sai sanda da wutsiyar saniya. Na ce ya je ya ba awakinsa ruwa.

Talata, 28 ga Janairu

Eunice, matar Luka, ta sake rage mini gishiri. Aikin asibiti take yi, to a can ya kamata ta bar asibitin.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Sun sa ni a mota zuwa gonar Luka ta Inkil. Ya cika buhu da ƙaiƙayi ya jingina a tururuwa. Tsayuwarsa kamar mai jiran keke. Gwiwar hannu a ƙasa, kafaɗa a kunne. Amma baƙaƙen nan suna tafiya, na ji buhun yana amsawa.

Da ya zo yana murmushi na ce, "Ina shaidarsu?" A farautarmu wanda kibiyarsa ta fara shiga shi ke da nama, kuma da zanen wuyan ƙarfe ake gane ta wane gida ce. Namu zane biyu da ɗigo. Na ce in ya kai waɗannan gindin ɗorawa, mutane za su ce baƙo ne ya tsaya, gidan Andrawus dai bai zo ba.

Da muka dawo na jawo kwarina daga ƙarƙashin gado, na zaro shida na miƙa masa. Da hannu biyu ya karɓa. Ya mai da baƙaƙen cikin kwalinsu, ya ɗora kan sif.

Na ci tuwon dare har na nemi ƙari, duk da lami ne.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Ya kawo wata magana. Wai kawunan kibauna sirara ne saboda dafi ne ke yin kisan, ƙarfe hanya kawai yake buɗewa. Yanzu ƙauye an daina dafi, to in ya harbi gada da siriri za ta tafi da shi ta je ta ruɓe a daji. Gara mai faɗi da zai kayar da ita nan take.

Na ce wa ya gaya masa, waya? Ya ce, "Kai ka gaya mini, Baba, ina ƙarami, ranar da kake dafa dafi a bayan rumbu ka kore ni."

Ban tuna ba. Ashe yana ji.

Asabar, 15 ga Fabrairu

Bari in rubuta.

Da la'asar na ji mota, na ji Eunice ta ce, "Wayyo Yesu, kawo nan!" Na fito. Luka a bakin famfo, hannun hagu jini har gwiwa. Ya ja tsarkiya, kibiya ta zame ta baya da baka, kunnen ƙarfe ya yage shi tsakanin babban yatsa da manuni.

Nan take na tuna. Lokacin da aka kawo ni garin nan Eunice ta sa na kankare dafin kibauna duka na gasa su a wuta. Na yi. Banda ɗaya, ta ubana, na bar ta da dafinta a cikin kwari ban gaya wa kowa ba. Ranar da na zaro shidan nan da ido na zaɓa. Da idon nan.

Ban san ina da sauran gudu ba. Na zazzage kwarin a kan gado, ina lalube ɗaya bayan ɗaya, ina kiran sunan Ubangiji. Ta ubana tana da ƙulli a jijiyar wuya. Yatsana ya taɓa ƙullin. Tana nan.

Na zauna a ƙasa na daɗe.

Da na fito Eunice ta gama ɗinke shi. Na ce yaya aka yi. Ya ce, "Sun yi mini gajarta, Baba. Tun ranar farko nake rage ja, yau na manta."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Naka ne."

Sakarai. Babban mutum da 'ya'ya.

Lahadi, 16 ga Fabrairu

Ban je coci ba, na ce ƙafa. Da gida ya yi shiru na kira Hammajoda, ya haƙa mini rami mai zurfi a bayan katanga, na binne kibiyar ubana. Bai yi tsiya ba yau. Ya dai ce, "Allah ya tsare gaba, Andrawus." Rabon da ya kira sunana har na manta.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Ranar da zan fara farauta ubana ya tsai da ni, ya ɗora kara a ramin ƙirjina, ya ce in miƙa hannu biyu gaba, inda yatsuna suka tsaya ya ƙara kaɗan ya yanke. Kowa da awon hannunsa. Wannan ko yaron goye ya sani a garinmu. Ni guntu ne. Luka dogayen hannuwan dangin uwarsa ya kwaso, su da suke tsinko mangwaro ba sanda.

To ai shi ne bai taɓa tsayawa an auna shi ba.

Juma'a, 21 ga Fabrairu

Na taka kujera zan ɗauko ɗaya daga baƙaƙen, don in auna tsawo da ita, tun da shi ya auna kansa kafin ya saya. Eunice ta kama ni. "Baba, sauko kafin ka ƙara mini aiki." Na ce ƙura nake gogewa. Ta riƙe kujerar tana dariya ƙasa-ƙasa. Ta ce, "Ga mai hannun nan zai dawo anjima. Ka auna shi mana, ba ya cizo."

Yarinyar nan bakinta ya fi allurarta.

Da ya dawo na ce ya tsaya. Na sa karan dawa a ƙirjinsa, na ce miƙa. Sai da na yi ɗage. Rabona da in taɓa ƙirjin yaron nan tun yana fama da ƙyanda, Mary na kuka, ni ina shafa masa man kaɗanya. Zuciyarsa na bugawa ta cikin karan. Ko tawa ce, oho. Ya fi ni da faɗin tafin hannu guda har da ɗori.

Na ce, "Ka sauke kafaɗa, kai ba ungulu ba ne."

Asabar, 22 ga Fabrairu

Ni da Hammajoda fadamar bayan Inkil, yankan kyauro. Shi ke gani, ni ke taɓawa. Duk wanda ya miƙo sai in murza a tafi, in ji gaɓoɓinsa, in yar da rabi. Ya ce ko amarya ba a yi wa wannan zaɓe. Na ce shi ya sa nasu auren ba ya daɗewa. Ya ce nawa da ya daɗe, haƙurin Mary ne. Na ci gaba da murza kyauro.

Talata, 25 ga Fabrairu

Na hau keke napep ni kaɗai zuwa maƙera, wurin Nu'uman. Na ciro kan baƙar kibiya daga aljihu na ajiye masa a kan uwar maƙera. Na ce faɗin wannan nake so, amma da wutsiya irin tamu mai shiga kyauro, kunne gajere, kada ya yi nauyin da zai rinjayi kara. Huɗu masu faɗi don gada, sauran tsiko marasa kunne don zomo da koyo.

Ya ce, "Baba, yau kuma na Turawa ake kwaikwayo?" Na ce ganyen mangwaro nake kwaikwayo, ya yi aikinsa.

Asabar, 8 ga Maris

Kwana da kwanaki ina gasa kyauro a garwashi ina miƙarwa da haƙori. Hayaƙi ya cika wa Eunice kicin, amma har jijiya ta sayo mini wurin mahauta.

Yau zanen shaida. Na ɗauki zarto, wuyan ƙarfe ya ƙi tsayawa wuri ɗaya a idona. Luka na gefe. Ya ce, "Kawo in riƙe maka, Baba." Ya riƙe, ya ɗora yatsana a wurin. Zane biyu da ɗigo. Ta ƙarshe na ba shi zarton ya yi da kansa. Ɗigon ya karkace. Na bar shi haka.

Ya harba a buhu da hannu mai tabo. Ya ja har kunne, ƙarfe bai kai yatsa ba. Ƙarar tsarkiyar ta fita daidai.

Lahadi, 16 ga Maris, a ƙauye

Jiya aka yi farautar. Na ce zan zauna a gida, ƙafata ce ta kai ni. Na zauna a saiwar ɗorawa bayansa. Ihu ya taso daga gabas, karnuka, ganye na karyewa. Na ce, "Ga ta nan, ta hagu." Ban gan ta ba, jin ta na yi. Tsarkiya ta yi ƙara.

Kibiyar ta wuce ta saman gada. Gwiwar hannun nan dai.

Ya tsaya har aka tashi, bai zauna ba, bai taɓa waya ba. Da yamma sai ga Zakka da kansa, ya tsinto kibiyar a cikin kwazazzabo. Ya shafa wuyanta a gaban dattawa ya ce, "Ta gidan Andrawus ce. Sai dai ta fi Andrawus tsawo." Aka yi ta dariya. Dattawa suka ce gurbi na nan a hannun masu shi.

Zakka ya aiko mana da cinyar zomo. Ya tsufa, ashe. Na ci.

Talata, 18 ga Maris

Mun dawo. Hammajoda na azumi, amma bakinsa bai yi ba. Ta kan katanga ya ce ina naman. Na ce gada ta ga shaidar gidanmu ta gane, ta ce sai baɗi.

Eunice za ta mai da baka kan ƙusar falo, na ce a'a, zafin talabijin na busar da tsarkiya, ta kai ɗakin mijinta tare da kwarin. Ba ba shi na yi ba. Wurin ajiya ne.

Ta ce ranar Alhamis likitan ido na zuwa wurin aikinsu. Kullum in ta faɗa sai in ce ta kai ubanta. Yau na ce in akwai wuri a motar zan raka ta, tun da zaman gidan ya ishe ni.

Ba wani abu ba ne, Mary. Yaron nan yana sauke gwiwar hannu, kuma ba a gyara wannan da kunne.