Randar Baba

Arlit, daren Alhamis

Yau kwana bakwai da rasuwar Baba, kuma ko ganin ƙanensa Baffa Sani ba na son yi.

Da safe wurin addu'a har da hawayensa. Wai yayansa bai taɓa cin abinci ba sai da iyalinsa, wai shekara talatin randarsa na ƙofar butik, wato shagonsa, kowa na sha kyauta. Gaskiya ne, amma shi da ke Maradi yaushe ya gani? Ni na ga Baba yana cika ta kowace asuba, yana tari.

Da la'asar na tarar an kife ta bayan butik, firigo mai sanyaya ruwa a wurinta.

Na ce, "Baffa, me randar ta yi?"

Ya ce, "Ke Hadiza, wa ke kyautar ruwa a Arlit? Na leda za mu sayar."

Za mu! Ko kabarin bai bushe ba.

Na mirgino randar zuwa ƙofar butik, na wanke, na cika ta, bayana kamar zai karye. Wani tsohon direba ya sha, ya yi wa Baba addu'a.

Gobe Baffa ya sake taɓa ta ya gani.