Rigunan da ke Dawowa Ranar Laraba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kuma tarin nan da aka ce ya shiga gidan yarin bai iso ɗakinku ba. Mu nan lafiya lau, sai kewarka. Inna tana gaishe ka, ta ce in tambaya ko kana samun ruwan ɗumi da safe. Na ce mata ai a otal kake, har da mai miƙo maka tawul. Ta ce in rufe mata baki.

Yau sati shida ke nan da hana ziyara. Yanzu duk Laraba sai dai mu yi layi a jikin babbar ƙofa, gaban wata 'yar taga. Gandiroba ya rufe hanci da baki, ya karɓi ledar kayanka da yatsa biyu, ya kira lambarka cikin gida, can sai a miƙo min ledar wanki da wasiƙarka. Ba wanda ke kiran suna a wurin, lamba ce kawai. Shi ya sa nake ɗinka maka taka a ƙirjin riga da jan zare, manya-manya yadda dokarsu ta ce, don kada wani ya ce bai gani ba.

Ka gaishe min da abokin ɗakinka, Akawu. Allah ya saka masa da alheri. Tun da hatsarin motar nan ya karya maka yatsun dama ya kuma kai ka inda kake, ba don shi ba da ba mu ji daga gare ka ba. Shekara uku kana faɗa yana rubutawa, ai ya san sirrin gidanmu fiye da maƙwabta.

Idon Inna ya gama rufewa, Yaya, kuma likita bai ji daɗin bugun zuciyarta ba. Ban ɓoye maka ba don na san za ka yi fushi in ka ji daga baya. Kowace wasiƙarka sai na karanta mata sau uku. Ta san saura wata biyar a sake ka, kuma ina ganin wata biyar ɗin nan ne ke riƙe da ita.

Sai wani abu da ya ba ni dariya. Ka san ban taɓa buɗe ramin maɓallin wuya a rigarka ba, tun da ba ka taɓa ɓalle shi ba, kullum cewa kake shaƙe ka yake yi. To, rigar da ta dawo makon jiya an tsaga ramin da reza, tsaf, kuma wuyan ya yi dauɗa ta ciki alamar an ɓalle shi. Gayu ka fara a kurkuku? Wa kake yi wa? Ka faɗa min in fara shiri.

Na ƙara tsawon hannun sabuwar rigar yadda ka ce. Ka kula da kanka, ka riƙa rufe ƙirji.

Ƙanwarka mai kewarka,
Auta

Yayana,

Sallama da gaisuwa. Ya jiki, ya haƙuri? Ina fata wannan takarda ta same ka lafiya. Inna tana nan yadda take, tana gaishe ka.

Yau ba ni da zolaya. Wani abu zan faɗa maka, kada ka ce Auta ta fara taɓuwa.

Wata biyu ke nan ina gyara awonka. Ka ce hannu ya yi gajere, na ƙara. Riga ta dawo kafaɗarta ta zubo, na rage. Wando ya dawo an warware kalmasar ƙafarsa, na ƙara tsawo. Haka aikinmu yake, tela ba ya musu da kayan da suka dawo daga jikin mai su. Sati-sati nake gyarawa, yatsa ɗaya yau, yatsa ɗaya gobe, ina ce wa kaina rama ce.

Shekaranjiya Inna ta ce in buɗe ɗakinka ya sha iska, in wanke tsofaffin kayanka kafin ka dawo. Na ɗauki shuɗiyar rigarka ta aiki na tafi da ita shago don in gyara aljihun. Da na shimfiɗa ta a teburin yanka, sai na ɗora sabuwar da na gama a kanta, haka kawai. Yaya, kafaɗar sabuwar ta gaza taka da yatsa uku. Hannunta ya wuce naka da yatsa huɗu. Na ɗauko tef na auna, na sake aunawa. Mutum yana ramewa, wannan na sani. Amma mai shekara arba'in da ɗaya hannunsa ba ya ƙara tsawo.

Sai na koma kan wandon. Wanda ya warware kalmasar ya sake ɗinke ta da allura, ɗinki ƙanana a jere, ko ni sai na natsu zan yi irinsa. Kai kuwa ko da yatsunka suna lafiya ba ka taɓa iya zura zare a allura ba.

Na rataye sabuwar rigar a hanga bayan kekena na ci gaba da aiki. Da rana tsaka wata mai kawo ɗinki ta shigo, ta gaishe ni, sannan ta ɗaga kai ta gaishe da wanda ke tsaye a bayana. Da ta gane riga ce sai ta yi dariya ta ba ni haƙuri. Ni ban iya dariyar ba. Na sauke rigar na ninke ta na cusa a leda, amma har na rufe shago ban daina waiwaye ba.

Na sake karanta wasiƙunka na watannin nan. Maganarka ce, ba shakka. Ka tuna min ranar da na faɗa kwata da sabon takalmi, ka tuna wa Inna waƙar da take yi in tana shara. Amma duk tsofaffin labarai ne. Ba sabuwar zolaya ko ɗaya, kai da ba ka iya kwana biyu ba ka ƙirƙiro abin tsokanata ba. Inna tana dariya a wuraren da ta saba dariya.

Na je ofishin gidan yarin. Wani ya buɗe babban littafi, ya bi layi da yatsa, ya ce lambar nan lafiyarta ƙalau, an ƙirga ta da safe, za a ƙirga ta da yamma. Na ce ɗan'uwana nake tambaya. Ya ce ai shi ya faɗa min.

Don Allah ka rubuto min abu guda sabo. Ko zagina ne ka yi, in dai na san daga bakinka ya fito yau.

Ƙanwarka,
Auta

Yaya,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina tambayar lafiyarka, kuma wannan karon da gaske nake tambaya.

Ban sa wannan a ambulan ba. A cikin kalmasar wando na ɗinke ta, inda na san mai warwarewa zai gani.

Na koma ofishin jiya. Na ce a raina tun da ba za su faɗa min komai a kanka ba, bari in tambayi Akawu, in ce ina son aika masa sabulu don godiya. Ban san lambarsa ba, sai na ce abokin ɗakin mai lamba kaza. Mutumin ya buɗe wani littafin daban, ƙarami. Ya ce Allah ya ji ƙansa, ai wannan yana cikin waɗanda tarin ya fara ɗauka. Wata uku da rabi ke nan. Ba wanda ya zo karɓar gawar, su suka binne shi.

Na yi masa godiya. Na fito na bi layin taga kamar kullum, aka miƙo min ledar wanki da wasiƙarka.

Rubutun Akawu ne, Yaya.

Na kwaso wasiƙun shekara uku na jera su a teburin yanka, daga ta farko har ta jiya. Hannu ɗaya ne. Yadda yake karkata rubutu, yadda yake danna biro har ya fito ta baya, yadda yake jan layi ƙarƙashin gaisuwar Inna. Tawadar ta jiya ma har ta ɗan shafa a yatsana.

Na zauna a shagon ban kunna keke ba har la'asar. Da na koma gida Inna ta ji ƙarar leda ta ce in zo in karanta mata. Na karanta. Sau uku.

An ce za a buɗe ziyara mako mai zuwa. Zan zo. Ko wane ne ke karanta wannan, ya fito.

Auta

Zuwa ga wanda ke sanye da rigunan Yayana,

Assalamu alaikum. An koya min in fara wasiƙa da tambayar lafiya, to ina fata kana lafiya. Na ga ma kana lafiya.

Wannan a cikin wuyan riga na ɗinke ta. In ka karanta ka yage ta.

Wata biyu ke nan da zuwana ɗakin ziyara, kuma akwai abin da ban iya faɗa maka a can ba. Na zauna a bencin nan ina kallon ƙofa ta cikin raga, aka kira lambar Yaya, sai ga ka ka shigo, dogo, wuya a ɓalle har sama, da jan zarena a ƙirjinka. Gandiroban da ya kawo ka sabo ne, ko kallon fuskarka bai yi ba. Ka zauna. Ka sunkuyar da kai ka kira ni Auta da muryar Yaya, har da ɗan gyaran muryar da yake yi kafin ya yi magana. Da na rufe ido da na rantse shi ne.

Na ji duk abin da ka faɗa. Ka ce da hantsi Yaya ya cika, kansa a cinyarka, kai ka laƙanta masa kalmar shahada. Ka ce lokacin gandirobobi ba sa shiga ɗakuna don tsoron tarin, daga bakin ƙofa suke ƙirga lambobi, su ce a turo gawa waje. Kai saura shekara goma sha takwas, shi saura wata shida da 'yan kwanaki. Sai ka cire masa riga ka sa masa taka. Ka ce kafin ya cika ya roƙe ka kada Inna ta ji. Wataƙila ya faɗa. Ya yi kama da abin da zai faɗa. Amma shekara uku kana rubuta maganarsa, ka fi kowa sanin abin da ya yi kama da shi, kuma ba mai shaida sai kai.

Ban yafe maka ba. Ina so ka san wannan sarai. An binne ɗan'uwana da sunan wani, ba wanda ya zo mana gaisuwa, ba mu yi masa addu'a a matsayin mamaci ba ko sau ɗaya. Ni kuma da hannuna nake ɗinka maka lambarsa duk sati, manya-manya don kowa ya gani, ina gyara awo ya dace da kai. Wannan ɓangaren ni da kaina nake rigima a kansa, ba da kai ba.

Da na fito daga wurinka na nufi ofishin. Na tsaya a bakin ƙofa, mutumin nan mai littafi ya ɗago ya tambaye ni ko lafiya. Kalma biyar ta isa a mayar maka da shekarunka, a gyara littafi, a nuna min kabarin. Na ce masa ruwa nake nema.

Inna ta daina tashi zaune. Likita ya ce mu daina wahalar da ita da zuwa asibiti. Kullum da safe tambayarta ɗaya ce, saura kwana nawa. Yau na ce mata goma sha ɗaya. Ta sa na canja zanen gadon Yaya, ta sa na ajiye takalmansa a bakin ƙofar ɗakinsa. Na yi ta juya abin a raina ina kan keke har na ɗinke hannun rigar wata mata a baibai. Ban san ko abin da zan yi daidai ne ba. Na fi zaton ba daidai ba ne, kuma ni zan amsa shi gaban Allah.

Ranar da za a sake ka zan tsaya a tsallaken titi. Kada ka yi min magana, ka biyo ni kawai. Za ka shiga gidanmu sau ɗaya, na awa ɗaya.

Ka riƙe waɗannan, don ba ya cikin abin da ake faɗa a wasiƙa. Yaya ba ya zama a bakin gadon Inna, a ƙasa yake zama wajen ƙafafunta, ya kama ƙafar yana matsa mata. Ka zauna can, hannunta ba zai kai fuskarka ba. Ba ya ce mata ya jiki, cewa yake tsohuwa mai ran ƙarfe. Za ta zage ka, kada ka ba ta haƙuri, dariya yake yi. In ta ce ka rame, ka ce laifin Auta ne. In ta ce ta yafe maka, ka karɓa a madadinsa, ka amsa da ƙarfi yadda za ta ji.

Daga nan za ka fito, ka cire rigar ka ba ni, zan tanadi wata marar lamba. Sai ka kai ni inda suke binne waɗanda ba a zo karɓa ba, ka nuna min wurin da ke ɗauke da sunanka. Bayan wannan kada in sake ganinka.

Ka yi haƙuri in na daɗe a wurin. Har yau ban yi kukansa ba, don bangon gidanmu ba shi da kauri, kunnen Inna kuma garau yake.

Wassalam.

Ƙanwar mai lambar,
Auta