Batirin Kaset ɗin Yaya Nasiru

Laraba, bayan isha'i

Barci ya ƙi zuwa. Yau na kai tsohon kaset ɗin gem na marigayi Yaya Nasiru wurin mai gyara a Gawon Nama, don na gaji da hura masa iska kafin ya kama. Da ya buɗe, sai ya nuna mini wani ɗan batir a ciki, bai fi maɓallin riga girma ba.

Ya ce, "Malam, wanga shi ka riƙon duk wasan da anka aje, kuma ya kusa mutuwa. In na canza shi, komai gogewa zai yi. In an bar shi, wata rana ka kunna ka iske wayam."

Na karɓe kayana, ko godiyar kirki ban yi ba.

Shekara da shekaru ina kunnawa in kalli sunan Yaya da ƙofar gidan dodon, inda ya tsaya a wasan, ban taɓa matsawa gaba ba. Na zaci zai dawwama a nan.

Na tashi, na zauna, na sake tashi. Allah ya jiƙanka, Yaya. Gobe in an kawo wuta zan shiga ƙofar nan, in ƙarasa maka.