Ruwan da Na Rubuta Bai Sauka Ba

Tsanyawa,
Litinin, 19 ga Mayu.

Zuwa ga 'yata Zulaihatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da sa albarka, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ya tsare mini ke a ƙasar da ba ki da kowa sai Shi. Yaya karatu, yaya mutanen Japan, yaya fama da abincinsu da kike cewa ba ya jin yaji? Mu nan kowa lafiya, kuma wannan karon da gaske nake. Gwiwar Innarki ta lafa tun da aka canza mata magani, har ta koma zuwa rijiya da kanta duk da na hana, kin dai san halinta. Yayanki Kamaruddeen yana nan Kano da shagonsa, yana leƙo mu duk Juma'a. Jaririyar matarsa Fauziyya kin ga hotonta, to a ido ta fi haka, kuma wallahi hancinki ta kwaso kaf. Allah ya raya ta, ya sa kada ta kwaso taurin kan naki.

Na san za ki yi mamakin ganin wasiƙa daga wurina alhali ga waya a aljihu. Sau uku ina danna lambarki tun ranar Juma'a ina kashewa. Abin da ke bakina ba zan iya faɗarsa ina jin muryarki ba, shi ya sa na ɗauko biro. Ki zauna ki karanta har ƙarshe, kada ki kira ni sai kin gama.

Kin tuna zuwanki hutu shekara biyu da suka wuce, da kika zo da ma'aunin ruwan sama kika sa aka kafa shi a kan turke bayan rumbu, nesa da mangwaro don kada ganye ya tare masa ruwa? A nan tsakar gida kika zaunar da ni kamar ɗan aji ɗaya kika yi mini bayani. Kika ce kuna da wani ƙaramin tauraron ɗan Adam da kuka harhaɗa da hannunku ke da abokan karatunki, bai fi akwatin rediyona girma ba, za a harba shi ya riƙa zagaya duniya yana leƙen gajimare da laimar ƙasa. Kika ce naki aikin shi ne lissafin da zai mai da abin da ya gani ya zama yawan ruwan da ya sauka a wuri, don wata rana manomi ya san gaskiyar daminarsa tun kafin ta juya masa baya. Amma sabon abu sai an gwada shi da awon da aka yi a ƙasa, kuma duk yankinmu ma'aunai ba su da yawa. Kika ce ni kika zaɓa saboda na yi shekara talatin da ɗaya ina koyar da lissafi a firamare, kuma ba ki taɓa jin na ƙara wa lamba ko ɗigo ba. Ranar nan kaina ya kumbura. A majalisarmu ta ƙofar masallaci har gajiya suka yi da ni, kullum sai na gaya musu 'yata na da ido a sama, ni ne idonta a ƙasa.

Aka harba tauraron, da farko komai ya tafi daidai. Kowace safiya ƙarfe bakwai in je in duba, in rubuta a tsohuwar rajistar makaranta, in zubar da ruwan, duk ƙarshen sati biyu kuma in tura miki ta waya. Daminar bara ta faɗi da kyau, muka yi shuka, gero ya fito shar har ya kai gwiwa. Sai a tsakiyar watan Yuni ruwa ya ɗauke cak. Hadari ya haɗu a gabas baƙi ƙirin, mu kwashe shanya, iska ta zo ta watsa shi, ko ɗigo. A rana ta goma kika kira ni, kika ce tauraronku yana nuna ƙasa ta bushe tun daga Tsanyawa har Bagwai da Makoda, kika tambaye ni ko gaskiya ne. Kika ce idan fari ne za ki ajiye karatun ki taho, don ba za ki iya zama kina cin shinkafa mu muna kallon gona tana ƙonewa ba. Na san ba wasa kike ba, domin lokacin ciwon Innarki da ƙyar muka hana ki hawa jirgi. Ina tsaye a bakin gona a lokacin, ganyen geron duk ya nannaɗe, na buɗe baki na ce miki ruwa ya yi gyara.

Kin san yadda muke a nan. Ba a bin wanda ke nesa da mugun labari. Lokacin da kakanki ya rasu ina makarantar horon malamai, sai da na gama jarrabawa aka gaya mini, kuma ban taɓa riƙon kowa a kan haka ba, gata na ɗauke shi. Sannan babba ba ya buɗe baki ya ce babu ruwa, sai dai ya ce ana jiran rahama. Da a nan na tsaya, da sauƙi. Amma lokacin tura awo ya yi, kuma na san idan kika ga sifiri goma a jere kin kama ni. Sai na zauna a gindin mangwaro bayan la'asar na sa wa kwana biyu ruwa, ɗaya milimita goma sha biyu, ɗaya tara. Na ce a raina wa zai cutu da ɗan ruwan da na zuba a waya? Na ɗauka lambobin nan za su shige cikin dubban lambobi su ɓace. Ni da na kori yara daga aji a kan satar amsa, ni ne na yi wannan.

Farin nan kwana ashirin da huɗu ya yi, kuma a cikinsu sau shida na yi miki ruwan ƙarya. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne na ranar Alhamis ɗin da duk gari ya fita filin idi roƙon ruwa. Muka fita da tsofaffin kaya, har da dabbobi, muka yi salla, muka juya riguna, dattawa na kuka kamar yara. Na dawo gida da ƙurar filin a goshina, na rubuta miki cewa a ranar an yi milimita goma sha takwas. Innarki ta hana ni tun farko. Ta ce ita ba ta yi boko ba, amma ba ta ga dabarar yi wa mai kallonmu daga sama ƙaryar ruwa ba. Na daka mata tsawa na ce ba na son in ji maganar fari ta fita daga gidan nan zuwa kunnenki, ita da Kamaruddeen da kowa. Suka yi mini biyayya. Laifin nawa ne ni kaɗai, kada ki ga baƙin kowa.

Tun da yau ranar gaskiya ce, ga sauran. Geron gonar gabas ya ƙone ƙurmus, sai wake muka maye gurbinsa da shi da ruwa ya dawo. Inda muka saba ɗaure dami arba'in da ɗoriya, goma sha ɗaya muka kawo gida. Akuyoyin nan biyu da na ce miki na ba Gwaggonki Safiyatu kiwo, sayar da su aka yi. Amma babu wanda ya kwana da yunwa, yayanki ya yi abin da ya kamata, Allah ya yi masa albarka.

Na ɗauka magana ta wuce, sai Juma'ar nan Kamaruddeen ya shigo ko zama bai yi ba. Ya ce kin kira shi kina kuka, kin sa shi ya rantse ba zai gaya mini ba. Ashe wata bakwai kenan kina neman kuskure a cikin lissafinki, saboda tauraro ya ce an yi fari a Tsanyawa, ma'aunin ƙasa kuwa ya ce an sha ruwa. Ashe malaminki ya ce a ƙa'idarsu awon ƙasa shi ne alƙali, sabon abu shi ake tuhuma. Ashe an ɗage ranar da za ki kare aikinki a gaban malamai, kuma idan Yuli ya ƙare ba ki gano matsalar ba, za a cire lissafinki daga tauraro na biyu da za a harba, lokacin karatunki ya ƙare, ki dawo hannu rabbana bayan shekara huɗu. Duk wannan kina ciki, kullum muka yi waya sai ki ce mini karatu lafiya lau. Kai, Zulai! Ashe ke ma 'yar gidan nan ce.

Yayanki ya san an yi fari, amma bai san na taɓa lambobin ba, sai da kika ambaci ma'auni ya haɗa ɗaya da biyu. Bai ce miki komai ba, ya hawo mota ya taho. Tun da aka haifi yaron nan bai taɓa ɗaga mini murya ba sai ranar. Ni kuma, maimakon in yi shiru, sai na hau shi da faɗa, wai me mutanen Japan suka sani game da daminar Kano. Ya bari na gama, sannan ya gaya mini abin da ya kashe mini jiki. Ya ce akwai ranar da wani abokin aikinki ya kawo shawara a gaban kowa cewa wataƙila mai awon Tsanyawa ne ke kuskure, kika miƙe tsaye kika ce mai awon mahaifinki ne, kuma gara ki tuhumi kanki sau dubu da ki tuhume shi sau ɗaya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na yi nadamar da ban taɓa yin irinta ba a rayuwata, kuma kunyarki nake ji har yanzu da nake rubutun nan.

Abu ɗaya ne Allah ya taimake ni da shi. A waya na yi ƙarya, amma a rajista hannuna ya ƙi. Duk safiyar da na tarar da ma'auni a bushe, sifiri na rubuta, da kwanan wata da sa hannu, kamar yadda na saba kiran sunan yara. Kamaruddeen ya ɗauki hoton kowane shafi, zai turo miki tare da hoton wasiƙar nan, ita kuma rajistar kanta za ta biyo ta gidan waya. Jiya na hau babur na je Bagwai wurin malamin gona, ya buɗe nasa littafin ya kwafe mini awon kwanakin, ya buga hatimi. Sai da ya tambaye ni dalili, na kuwa gaya masa. Liman ma ya rubuta shaidar ranar da aka fita roƙon ruwa ya sa hannu. Shi ma na gaya masa komai, don haka yanzu majalisar da na cika da alfahari ta san abin da idonki na ƙasa ya aikata, kuma hakan ya yi mini daidai.

Akwai takarda ɗaya da na rubuta wa malaminki da ɗan Turancina na tsohon malami, da cikakken sunana a ƙasa. Ki miƙa masa yadda take. Na san ki, za ki so ki rufa mini asiri, ki ce tsoho ne ido ya yi rauni, ko yatsa ya kuskure a waya. Ban yarda ba, kuma umarni nake ba ki. Ki ce masa da gangan na yi, sau shida, ga ranakun nan na ja musu layi da jan biro a rajista. Ki ce masa tauraronku ya ga gaskiya tun daga sama, lissafinki daidai yake tun ranar farko, mahaifinki ne ya yi ƙarya.

Ban san ko wannan zai isa a kan lokaci ba. Ban san ko za su karɓi rajistar mutumin da ya riga ya ɓata sunansa ba. Wata bakwai ɗin da kika yi kina zargin ƙwaƙwalwarki kuma ba ni da inda zan samo miki su. Na so in tare miki damuwar kwana ashirin da huɗu, sai na ɗora miki wadda ta fi ta. A garinmu uba ba ya neman gafarar ɗansa, sai dai ya saya masa tsire a bar maganar. To ni ina nema. Ki yafe mini, 'yata. Idan kuma kin ga ma'aunin nan ya fi dacewa a hannun wani, ki faɗa, ni da kaina zan tuge turken in kai masa.

Innarki tana gaishe ki ƙwarai, ta ce ki ci abinci ki yi barci, kuma in gaya miki tun Juma'a ba ta ce mini ai na gaya maka ba, amma kallon da take mini ya fi faɗar ciwo. Gwaggonki Safiyatu tana gaishe ki, ta ce ta sa ki a addu'a. Kamaruddeen da Fauziyya suna gaisuwa, shi yana roƙon ki yafe masa karya rantsuwar da ya yi, ya ce zai yi kaffara. Baffanki Zubair ya ce a gaishe da mai tauraro. Ki gaishe mini da malaminki da abokan aikinki, musamman wanda ya tuhume ni, ki ce masa ya yi gaskiya. Allah ya ba ki nasara, ya yi miki albarka duniya da lahira, ya dawo mana da ke lafiya da abin da kika je nema.

Jiya da yamma aka yi ruwan farko na bana. Yau ƙarfe bakwai na je na duba, na kira Innarki ta tsaya a kaina ta ga inda ruwan ya tsaya. Milimita uku ne, ko shuka ba zai yi ba. Ki rubuta uku.

Ni ne mahaifinki,
Malam Iliyasu Tsanyawa.